Glock 17, CZ, Canik ko SIG: wacce ta dace da ɗan kasuwa a Damagaram?

Mai Riɗi: Salamu alaikum jama'ar zaure. Shawara nake nema wajen waɗanda suka san harkar. Sana'ata sayen riɗi da wake a kasuwannin ƙauye, daga Mirriah zuwa Magaria, wani lokaci har Tanout, kuma kowa ya san yadda ake yawo da kuɗi a hannu a wannan harka. Na shigar da takardun neman izinin riƙe ƙaramar bindiga ta hannun hukuma, yanzu magana ta zo kan wacce zan saya. Dillali mai lasisi a Yamai ya lissafa mini manya guda biyar masu jikin roba: Glock 17, CZ P-10 F, Canik TP9SF, SIG P320 da Beretta APX, dukansu masu cin harsashin milimita 9. In ban da bindigar farautar mahaifina ban taɓa riƙe wata ba. Kuma ni bahago ne. Wacce za ku ce in ɗauka?

Mai Kula da Zaure: Wa alaikumus salam Alhaji. Kafin a fara: a nan ba a talla, ba a haɗa mai saye da mai sayarwa, ba a koya wa kowa hanyar kauce wa doka. Wanda ya kawo irin haka zan goge ba tare da sallama ba. Bisimilla.

Ɗan Birni: Canik, Alhaji, kada ma ka tsaya dogon tunani. Ita ce mafi araha cikin biyar ɗin, gidan harsashinta na cin 18, kunamarta ta fi ta Glock taushi nesa ba kusa ba, kuma a akwatinta ake haɗo maka kube. Kuɗin da ya ragu ka ƙara a jari.

Makanike Garin Malam: Ni abin da ban gane ba, yaya mutum mai hankali zai zuba kuɗinsa a kan bindigar roba a garin nan? A watan Afrilu ka bar waya a gaban mota awa biyu ka ga yadda take komawa. Bokitin roba shekara ɗaya yake yi a rana ya tsage. Ka nemi ta ƙarfe zalla kawai.

Tsohon Ajidan: Makanike, tsaya in ba ka amsa tukuna, sannan in koma kan Alhaji. Robar da ake maganarta ba ta bokiti ba ce. Nau'in nailan ne mai ƙarfi, narkewarsa sai zafi ya haura digiri 200, kuma ko motar da aka rufe a tsakiyar rana ba ta kai rabin haka ba. Sannan ba duka bindigar ce roba ba. Mariƙi da gangar ƙasa su ne roba. Bututu ƙarfe ne, kulas ɗin da ke zamewa a sama ƙarfe ne, titin da yake gudu a kai ƙarfe ne. Shi ya sa zancen da ake yi wai na'urar filin jirgi ba ta ganin ta tatsuniya ce.

Abin ma ba sabo ba ne. Kamfanin Heckler & Koch na Jamus ya fitar da VP70 mai jikin roba tun 1970. Gaston Glock, wanda kafin nan sandar labule da wuƙaƙen soja yake ƙerawa, ya ci gasar sojan Ostiriya da Glock 17 a 1982. Yau sama da shekara arba'in ke nan. Sojan Ingila sun ajiye Browning ta ƙarfe sun ɗauki Glock 17 a 2013. Sojan Faransa a 2020 sun yi odar kusan 75,000 don maye gurbin MAC 50 da PAMAS, biyun nan kuwa ba na roba ba ne. Da roba na narkewa a rana da waɗannan sun riga mu sani.

Kuma in gaya maka, wanda ya taɓa yin sintiri da MAC 50 a ƙugu a watan bazara ya san abu biyu: nauyi, da tsatsar da gumi ke jawowa a gefen da ke jikin mutum. Ta ƙarfe in ta sha rana ma ba ta taɓuwa don zafi.

Makanike Garin Malam: To Ajidan, na ji. Amma fa ta ƙarfe in ta lalace ana iya gyarawa. Wannan in ta tsage sai shara.

Tsohon Ajidan: Bindigar da gangarta ta tsage, ko ta ƙarfe ce, ba a kai ta wajen mai walda. Kada ka koya wa yara wannan.

Mushe na Zango: Ni ba masanin bindiga ba ne, amma ina ganin an tsallake mataki. Alhaji, ka ce ka shigar da takardu, ba ka ce izini ya fito ba. Ma'aikatar cikin gida ce ke ba da shi, kuma ba a buɗe yake ba, a kan bindiga takamaimai ake ba da shi, da sunanta da lambarta. Saboda haka ka fara tabbatarwa a rubuce cewa irin harsashin nan yana cikin abin da za a halatta maka. Dalilina: harsashin 9×19 na soja ne, shi ƙasashen NATO ke amfani da shi, kuma a tsohuwar dokar Faransa ta 1939 bindigogin da ke cin harsashin soja suna cikin rukunin farko, na kayan yaƙi. Dokokinmu da yawa daga can suka samo tushe. Kada ka ba dillali kafin alƙalami sannan ka ji wani zance daban a ofis.

Mai Riɗi: Mushe na gode, wannan ban yi tunaninsa ba. Ban ba da ko dala ba tukuna. Zan koma in tambaya.

Ɗan Tanout: *(an goge wannan saƙon)*

Mai Kula da Zaure: Ɗan Tanout, gargaɗi na farko kuma na ƙarshe.

Tsohon Ajidan: Na ga abin da ya rubuta kafin a goge, kuma ina so in ce wani abu a kai don amfanin matasa. Yawancin ƙananan bindigogin da ke gangarowa daga arewa da sunan araha, asalinsu ba bindigogin harbi ba ne. Masu ƙara ne kawai, irin na Turkiyya da ake ƙerawa da ƙarfe mara ƙwari don tsoratarwa, wasu suka sauya su don su ci harsashi. Ba a yi su don ɗaukar ƙarfin harsashi na gaske ba, suna fashewa a hannun mai su. Ga ɗauri kuma in an kama ka. Tun 1994 ƙasar nan ke da hukumar tattara haramtattun makamai, CNCCAI, kuma ba don ado aka kafa ta ba. Kada kowa ya haɗa waɗannan da Canik don an ji Turkiyya. Canik kamfani ne na gaske a birnin Samsun, ƴan sandan Turkiyya na riƙe da kayansa.

Yanzu Alhaji. Gaskiyar magana, biyar ɗin nan duka in ka danna za su tashi. Bambancinsu bai kai yadda yara ke zuzutawa a intanet ba. Tsawon bututunsu duka tsakanin santimita 11 da 12 ne, ko kusa da haka. Glock 17, P320 da APX gidan harsashinsu 17, Canik 18, CZ 19. Wanda 17 ba su ishe shi ba, biyun da aka ƙara ba za su fitar da shi ba.

Ni Glock 17 zan ce, kuma ba don ta fi sauran daɗin harbi ba, don ba ta fi su ba. Dalilina shi ne abin da zai faru bayan shekara biyar. Bindiga ba a saye a gama. Sifirin yana gajiya, gidan harsashi yana faɗuwa bakinsa ya lanƙwashe, kube yana sakewa. Gidan harsashin CZ ba ya shiga Glock, na Canik ba ya shiga SIG, kowanne da nasa. Glock kamar Hilux take: ba ta fi kowace mota kyau ba, amma duk inda ka je akwai wanda ya san cikinta. Kayan cikinta talatin da ƴan kai ne, duk wanda ya yi aikin ma'ajiyar makamai ya taɓa warware ta. In dillalinka ya rufe shago gobe, wani dillalin mai lasisi zai iya nemo maka kayanta. Ka tambaye shi wannan game da APX ka ji abin da zai ce.

Ɗan Birni: Baba Ajidan, da girmanka, wannan son tsohon abu ne. Glock har gobe da saitin roba take fitowa daga kamfani, wato ƴan alamun auna hari da ke saman kulas. CZ da Canik da na ƙarfe suke zuwa. Ka biya kuɗi mai yawa, sannan ka sake sayen saiti? Kuma Canik ba ƙirar banza ba ce, daga Walther P99 ta Jamus aka samo ta.

Tsohon Ajidan: Maganar saiti gaskiyarka ce, na ba ka wannan. Amma ɗana, ka taɓa harba Canik ɗin, ko a waya ka gani?

Ɗan Birni: A waya ne Baba, amma bidiyon da na kalla ba ɗaya ba ne ba biyu ba.

Makanike Garin Malam: Hahaha, ashe ni da kai duk jirgi ɗaya ya kwaso mu.

Na Liyon: Salamu alaikum ƴan gida. Ni ɗan Sabon Gari ne amma a Faransa nake zaune, kuma ina cikin ƙungiyar wasan harbi a nan, da izinin hukuma. Na harba huɗu cikin biyar ɗin, APX ce kawai na riƙe ban harba ba. Bari in faɗi abin da hannuna ya ji.

CZ P-10 F ita ce ta fi zauna mini. Mariƙinta yana da ƙaiƙayi sosai, ko hannu ya jiƙe da gumi ba ta zamewa, amma wannan ƙaiƙayin in tana manne da fatar ciki duk yini za ka ji a jikinka. Kuma doguwa ce, mariƙin da ke ɗaukar 19 dole ya yi tsawo. Canik kunamarta ta yi laushi yadda Ɗan Birni ya faɗa, a filin wasa abin so ne. Amma ga mutumin da bai taɓa harbi ba, wanda in ranar ta zo hannunsa rawa zai yi, ni ban ɗauki laushin kunama a matsayin alheri ba. Ta Glock tana neman ƙarfin yatsa kusan kilo 2.5, kuma tana da ɗan tauri kafin ta saki. Mutane na kushe ta saboda haka, ni kuwa ina ganin ga sabon hannu wannan taurin amfani ne.

Abu ɗaya da ba wanda zai iya gaya maka daga nesa shi ne kwanciyar mariƙi. Na Glock ya fi kwantawa baya. Wasu in sun miƙa hannu ido rufe suka buɗe, sai su ga bakin ya ɗaga sama. Wasu kuma daidai take zuwa musu. Ba laifin kowa ba ne, ƙirar wuyan hannu ce. In ka je Yamai ka ce dillali ya fito da su duka, a tabbatar ba komai a ciki, ka riƙe kowacce da hannun hagunka. Ka duba ko gaɓar farko ta yatsanka tana kaiwa kan kunama ba tare da ka murɗa hannu ba. Wadda sai ka murɗa, ajiye ta ko da kyauta ce. Yawancinsu suna zuwa da ƴan faifan bayan mariƙi manya da ƙanana da ake musanyawa, ka sa a gwada maka.

Mai Riɗi: Madalla. To maganar hagun fa? Shi ne ya fi damuna.

Na Liyon: Nan ne za ka tambayi dillali wane zubi ne na Glock ɗin, don Glock 17 ba ɗaya ba ce. Gen3 maɓallin sakin gidan harsashi da na sakin kulas duka an yi su ne don mai dama. Gen4 da ta fito a 2010 ana iya juya maɓallin gidan harsashi zuwa ɗaya gefen. Gen5 ta 2017 ita ce ke da abin sakin kulas a gefe biyu, kuma an cire mata tudun yatsun da ke gaban mariƙi, waɗanda ba kowane hannu suke dacewa da shi ba. Ga bahago Gen5 ce magana. P-10 F, P320 da APX su ma suna da abin sakin kulas gefe biyu. Sai kube: na hagu daban ake yin sa, kuma ya fi wuyar samu. Wanda ake haɗowa a akwati kada ka ɗauka zai yi maka sai ka gwada. A nan ma Ajidan ya fi ni gaskiya, kuben hagu na Glock ya fi na kowacce sauƙin samu.

Ɗan Birni: To SIG fa? Ba wanda ya ce komai a kanta, alhali ita sojan Amurka suka zaɓa.

Mushe na Zango: Wannan na karanta a kai. Gaskiya ne a Janairun 2017 sojan Amurka sun zaɓi P320 ta maye gurbin Beretta M9, suna kiran tasu M17 da M18. Amma a shekarar aka nuna cewa ta kasuwa tana iya tashi in ta faɗi ƙasa ta wata fuska, har kamfanin ya buɗe shirin gyara kyauta a watan Agusta. Bayan nan mutane da dama, ciki har da ƴan sanda, sun kai ƙara suna cewa ta tashi a cikin kube ba a taɓa kunama ba. A 2024 kotuna biyu a Amurka sun ba masu ƙara gaskiya. Kamfanin dai har yanzu yana cewa bindigarsa ba ta tashi sai an ja kunama. Ni ba alƙali ba ne.

Tsohon Ajidan: Ni ma ba alƙali ba ne, amma ga lissafina. Ba'amurke in yana shakkar tasa, akwati zai sa ta ya aika kamfani, bayan ƴan makonni ta dawo. Alhaji daga Zinder ina zai aika? Kilomita kusan 900 ne zuwa Yamai ma kawai, balle a yi maganar fitar da makami daga ƙasa. Kuma ta sojan Amurka tana da sakata ta hannu da ke kulle ta, yawancin na kasuwa ba su da ita. Akwai huɗu da ba a wannan cece-kuce a kansu. Me zai kai shi?

Na Liyon: Don adalci dai, P320 tana da abu ɗaya mai kyau: ana warware ta ba tare da an ja kunama ba. APX ma tana da ɗan maɓallin da ke kwantar da allurar da ke bugun harsashi. Glock da CZ kuwa sai ka ja kunama kafin kulas ya fita. Mutane da yawa a duniya sun harbi ƙafarsu ko bangon ɗaki a nan, don sun cire gidan harsashi sun manta akwai ɗaya a bututu.

Tsohon Ajidan: Haka ne, kuma wannan ba a wasa da shi. Cire gidan harsashi da farko, ja kulas baya, duba da ido, taɓa da yatsa, sannan ka sake dubawa. Harsashi kuma a wani ɗakin daban yake lokacin da kake shara. Wanda ba zai iya riƙe wannan ƙa'ida ba, ba Glock kaɗai ba, kowacce ma kada ya saya.

Uwar Ƴan Biyu: Ku yi haƙuri in shigo maganar maza. Tun ɗazu ina karantawa, an yi maganar zafi, an yi ta hagu, an yi ta Amurka, ba wanda ya tambayi Alhaji ƴaƴa nawa ne a gidansa. Ni ma'aikaciyar jinya ce, na ga abin da bindigar gida ke yi, kuma ba ɓarawo take samu ba. Gidajenmu ba irin na Turai ba ne. Ɗakin maigida yara na shiga ɗauko caja, almajiri na shiga shara, ƙannen matarka na zuwa hutu. Yaron shekara bakwai ya san inda kake ɓoye makullin mota, kana jin bai san ƙarƙashin katifa ba? Kuma in na fahimci bayaninku, waɗannan ba su da wata sakata da yaro zai kasa buɗewa. Danna kawai.

Mai Riɗi: Hajiya, tara ne, ƙaramin bai kai shekara uku ba. Maganarki ta shige ni.

Na Liyon: Hajiya ta fahimta daidai. Glock tana da matakan kariya uku amma ɗaya a jikin kunama yake, biyu a ciki, aikinsu hana ta tashi in ta faɗi ko ta bugu. In yatsa ya ja kunama, ko na wane ne, za ta tashi. A nan Faransa ba a ma ba ka izinin irin wannan sai ka nuna kana da akwatin ƙarfe mai kulle a gida. Ni a ganina kuɗin akwatin cikin kuɗin bindigar yake. A kafe shi a bango ko a ƙasa, makulli a jikinka, ba a rataye a ƙusa ba.

Uwar Ƴan Biyu: Kuma uwargida ta san da ita. Kada a ɓoye mata, ita ce ke gida.

Mushe na Zango: Tunda Hajiya ta buɗe ƙofa bari in faɗi abin da ke raina. Alhaji, ka tabbata bindiga ce maganin matsalarka? Masu tare hanya ba ɗaya suke zuwa ba, kuma ba da ƙaramar bindiga suke zuwa ba. Ranar da suka ga makami a jikinka, abin da zai tsaya a kuɗi yana iya zama rai. In labari ya bazu a kasuwa cewa kana da ita, ita kanta ta zama abin sata. Yanzu ga wuraren aika kuɗi a kusan kowane babban gari. Rage abin da kake ɗauka a jaka ya fi kowace Glock.

Mai Riɗi: Mushe, manomin da ya kawo buhu uku a amalanke ba ya karɓar lamba a waya, kuɗinsa yake so ya ƙirga a hannu. Na rage iya ragewa. Amma ban ce ka yi ƙarya ba.

Tsohon Ajidan: Mushe bai yi ƙarya ba ko kaɗan. Ni da na yi aikin, zan gaya maka in mutum huɗu suka tare ka da manyan bindigogi, ba su jakar. Wannan ba ranarta ba ce. Amma tunda mutum baligi ya yanke shawara kuma ta ƙofar hukuma ya bi, gara a gaya masa yadda zai yi daidai.

Akwai abu biyu na garin nan da ba za ka ji a bidiyon Turawa ba. Na farko ƙura. Daga Disamba zuwa Fabrairu, in hunturu ya busa, ƙurar nan mai laushi ba inda ba ta shiga. Sabon mai bindiga yana son ya yi mata wanka da mai don yana ji da ita. Mai da ƙura in sun haɗu sun zama taɓo, kulas ya riƙa ja da ƙyar. Ɗigo kaɗan a titin kulas da bayan bututu ya isa, a goge saura da tsumma. Ramin allura ba a sa masa mai sam. Gidan harsashi ma a bushe ake barin cikinsa, a riƙa buɗewa ana kakkaɓewa, don yawancin cijewar da na gani daga nan take farawa, ba daga bindigar ba. Kuma man inji ko man gyaɗa ba na nan ba ne, na ga wanda ya yi.

Na biyu tufafinmu. Wanda ya ƙera kuben nan da mai wando da bel ya yi lissafi. Mu kuwa ga jamfa, ga zariyar wando, ga babbar riga ranar Juma'a. Lokacin mayar da bindiga kube, in gefen riga ko bakin zariya ya shiga cikin zoben kunama kana turawa ƙasa, rigar ce za ta ja kunamar, cinyarka kuma tana ƙasa. Saboda haka kube mai tauri wanda ya rufe kunama ruf, bel na gaske, ka kawar da riga da ɗaya hannun, ka duba da ido, ka mayar a hankali. Ba a gaggawar mayarwa. Sakawa a aljihun gaban riga ko cusawa a ƙugu haka nan babu kube, wannan neman asibiti ne.

Makanike Garin Malam: To a mota fa? Mutumin da zai zauna a kan sitiyari daga nan zuwa Tanout da wannan ƙatuwar a ƙugu?

Na Liyon: Tambaya mai kyau. Babbar ta fi sauƙin harbi: nisa tsakanin saitin gaba da na baya ya fi, hannu duka yana samun wuri, shurinta ya fi sauƙi. Amma ɗaukarta duk yini aiki ne. Glock 17 babu komai a ciki gram 600 da ɗoriya ce, cike kuwa ta haura gram 900. Alhaji, tambayi dillali ko yana da Glock 19. Ƙanwarta ce, bututu milimita 102 maimakon 114, tana cin 15, kuma gidan harsashin 17 yana shiga cikinta. In a gida ko a shago za ta zauna, babbar. In a jiki, ka riƙe 19 ɗin ka ji.

Tsohon Ajidan: Da sharaɗin takardarsa ta ba shi damar yawo da ita. Ajiyewa a gida daban, ɗauka a jiki daban. Wannan ma ya shiga cikin tambayoyin da Mushe ya ce a yi.

Ɗan Birni: Wato dai an taru an kayar mini da Canik.

Na Liyon: Ba a kayar ba ƙanena. Da ni ne a nan inda shago ke bayan gidana, CZ zan ɗauka, in kuɗi ya yi kaɗan in ɗauki Canik ban ji kunya ba. Zinder ce ta sa lissafin ya canza.

Mai Riɗi: Allah ya saka wa kowa. SIG na cire ta. APX ma tunda ba wanda ya tsaya mata. Canik, Ɗan Birni ka yi haƙuri. Saura Glock Gen5 da CZ, sai na riƙe su. Amma kafin nan zan koma ofis da tambayoyin Mushe, kuma gobe zan je wajen masu walda a auna mini akwati. Ajidan, wa zai koya mini? Ba na so ranar farko da zan harba ta zama ranar tsoro.

Tsohon Ajidan: In izini ya fito ka tambaya a jandarmari inda aka yarda farar hula ya yi atisaye da wanda zai tsaya masa. Kada ka fita bayan gari kai kaɗai kana harbin gwangwani, akwai makiyaya a kowane kwari kuma harsashin nan yana wuce kilomita ɗaya. Ka sa kuɗin harsashin koyo cikin lissafi tun yanzu, ka kuma tambayi adadin da aka halatta maka saye. Ranar karɓa ka duba lambar da ke jikin ganga da kulas da bututu, ta zo daidai da ta takarda harafi da harafi, kafin ka sa hannu. Ka nemi ƙarin gidan harsashi na asali a lokacin, kada ka bari sai daga baya.

Makanike Garin Malam: Akwatin kuma kada su yi maka da langa-langa. Faranti mai kauri, patta a ciki ba a waje ba, ramuka huɗu a baya na kafewa a bango. In za ka je ka biyo ta gareji mu tafi tare, na san wanda ba zai cuce ka ba.

Uwar Ƴan Biyu: Ku sa shi sama inda sai babba ya miƙa hannu.

Mai Riɗi: In sha Allah. Makanike, bayan la'asar.